Sharhin Injiniya a Kan Fim ɗin Kifaye

"Ni da kake gani, kwamfuta in ta ji takuna gyara zama take yi. Fim kuwa, tun ana jero sunaye zan gaya maka ƙarshensa."

Wannan cika bakin Injiniya ne, mai sayar da labule. Bai taɓa leƙa ajin injiniyanci ba, sunan ya samo shi ne ranar da ya canza wa maƙwabcinsa batirin rimot, kuma shi ya raɗa wa kansa. Kada ka yi saurin dariya, abokina. Mu maza kusan duk muna da wannan ciwon, da an miƙa mana sukundireba sai mu ji kamar mu muka ƙera jirgin sama.

To, surukarsa, wadda suke kira Mama, ta samu sabuwar laftof, ɗanta ne ya aiko mata. Ita ba ruwanta da danne-danne, sai ta ce za ta ba ɗaya daga cikin surukanta biyu, mazan 'ya'yanta mata, ya riƙe, ya riƙa buɗe mata in za ta ga jikokinta na nesa. Ɗayan surukin likita ne, mutum shiru-shiru wanda Mama ke yabo ko tari ya yi. Injiniya ya ƙwallafa rai a kan laftof ɗin nan, har mafarkinta yake yi. Abin da ya fi ci masa rai ma shi ne bai taɓa jin Mama ta ce "madalla" a kan wani abu nasa ba.

Sai ya shirya dabara. Ranar Asabar da yamma zai tara Mama da Likita da yara a falonsa, ya haska musu sabon katun na kifaye da matarsa ta saukar a tsohuwar laftof ɗin gidan, yana yi yana sharhi. A zama ɗaya Mama za ta ga gwanin na'ura, ta ga masanin fim.

Matsalar ita ce tsohuwar laftof ɗin. Ta girmi babbar 'yarsu, an ɗaure murfinta da salatif, in aka kunna ta sai ta yi ta huci kamar mai hawa bene da buhu. Safiyar Asabar kuwa ta ƙi tashi gaba ɗaya, sai wasu ɗige-ɗige ke ta zagaye a allo.

"Baban yara, mu kai wa mai gyara mana," in ji matarsa.

"Ga mai gyara a gabanki kina neman na waje? Kawo min sukundireba."

"Bismilla. Ni dai na kwashe hotunana tun ranar da na ji ka ce tana bukatar hannunka."

Ya hura mata iska ta gefe, ƙura ta dawo masa a ido. Ya ɗan mare ta, harafi ɗaya daga madannai ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujera. Ya kwance ƙasanta ya mayar, sukurori suka yi saura a faranti, ya ce ai kamfani ne ke sa su don ado. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya tuna da wani filash da abokinsa ya ba shi, mai ɗauke da babbar manhajar da ke tuƙa kwamfuta. Ya soka, ya shiga dannawa. Na'urar ta yi ta jero masa tambayoyi, har da wata da jan rubutu tana gargaɗin cewa komai zai goge. Gogan naka bai karanta ko ɗaya ba. A ganinsa namiji ba ya tsayawa na'ura tana masa tambaya, "eh" kawai ya yi ta bugawa.

Ikon Allah, ta tashi! Ya ƙara wasu danne-dannen na murna, ya ji sallamar baƙi, ya fita da gudu ya durƙusa ya gaida Mama. Kafin a gama gaishe-gaishe a shigo falo, ga kifaye masu launi suna iyo a allo.

Zuciyarsa ta yi fari tas. Ya ce a ransa, "Tsorona ta ji, har fim ɗin ta kunna da kanta."

Aka zazzauna. Matarsa ta shige kicin haɗa shayi. Injiniya ya tsaya gefen tebur, ya yi gyaran murya.

"Mama, wannan fim ne na masu zurfin tunani. Ku lura da yadda aka fara shi ba gaggawa."

"Baba, ba magana a ciki," in ji ƙaramar 'yarsa.

"Manyan finafinai ba sa surutu. Yi shiru ki ƙaru."

Likita ya buɗe baki, "Yaya, anya kuwa wannan..."

"Likita, nan ba asibiti ba ne. Kowa da fagensa."

Injiniya ya ci gaba, murya na ƙara kauri. "Kun ga wancan babban mai ruwan ɗorawa? Shi ne maigidan. Kowa ya raina shi, dangin matarsa ba sa ganin ƙoƙarinsa, amma shi ke riƙe da tekun nan kaf. Wancan siririn mai shiru-shiru kuwa, ku bar ganinsa haka, ba ya tsinana komai."

Mama ta gyara gilashinta.

Can sai babban kifin ya yi iyo ya fice ta gefen allo. Wallahi Injiniya ya shiga labarin da ya ƙirƙira har wuya. Muryarsa ta karye. "Shi ke nan, ya tafi. Sai yanzu za su san darajarsa." Hawaye na gaske suka zubo masa, ya sa hannun riga ya share. Yara biyu suka taya shi kuka.

Sai ga kifin ya ɓullo ta ɗaya gefen.

"Ya yafe musu!" Injiniya ya yi ihu, ya kai hannu zai nuna, gwiwar hannunsa ta daki madannai.

Kifaye suka ɓace ɓat. Allo ya koma shuɗi fayau, ba komai sai ɗan hoton kwandon shara a lungu.

Daidai nan matarsa ta shigo da tire. "Au, ba ku fara ba har yanzu?"

"Mun kusa ƙarshe ma," in ji shi, yana lalube.

"Wane ƙarshe? Na hango ku ta ƙofa kuna kallon kifayen da ke fitowa in an bar kwamfuta ba a taɓa ba, na ɗauka ni kuke jira. Ina fim ɗin?" Ta duba, ta sake dubawa. "Baban yara, ka goge shi. Ka goge komai."

Likita ya kafa wa silin ido, kafaɗunsa na rawa. Injiniya ya ji ina ma ƙasa ta tsage ya shige, ga hawayen ko bushewa ba su yi ba.

Mama ta kurɓi shayinta a natse. Ta ɗauko jakar sabuwar laftof ɗin daga gefenta ta ɗora wa Likita a cinya. Sannan ta juya wajen 'yarta, don ba ta iya kallon surukin nata ido da ido, ta ce cikin tausayi:

"'Yar nan, in za ki kunna injin wanki ki riƙa rufe ƙofa. Kada ya ga kaya na juyawa ya tara mu kallon kashi na biyu."