Ɗan Jar Hula Na Biyu

"Sannu da zuwa, Malam. Ya hanya? Ya mutanen Rigachikun? Kai Datti, kau da kan nan naka, ka tare mini!"

Gaisuwar da na samu ke nan daga mai ɗakina Kaltume, ranar da na je ɗauko ta daga gidan ɗanmu Yahaya a Unguwar Dosa. Ko waiwayowa ba ta yi ba. Zuwa ta yi a duba mata ido, aka ce mako biyu. Ranar nan watanta biyu cif. Ido ya warke tuni, gyaɗa ta isa cira a gona, ni kuma na gaji da tuwon maƙwabta. Na riga na yi magana da direban da zai koma garinmu bayan la'asar. Ya ce zai tsaya a bakin titi, amma ba zai jira kowa ba.

Abin da ya riƙe ta kwamfuta ce. Yahaya ma'aikacin gwamnati ne, ya sayo ta a shekarar 1996 ya ajiye a falo saboda aikin ofis. Ɗansa Datti, wanda aka sa wa sunana, ya gama sakandare yana zaman jiran sakamako, sai ya sa wani wasa a ciki. Wani ɗan mutum ne mai jar hula, sana'arsa kai wasiƙa. Ka nuna wuri da 'yar kibiya ka danna, ya tafi can. Ka nuna abu, ya ɗauka. Ka nuna mutum, su yi magana da Turanci, Datti ya fassara wa kakarsa. Su biyu suka kai na farko ƙarshe. Yanzu an samo na biyu, kwanansu tara a kai. Na jawo kujera na zauna a bayansu.

"Iya, ga mijinki na ƙauye ya zo," in ji Datti. "Tashi ki bi shi, na sallame ki."

"Ka sallami wa? Kai da ko gishirin miya ba ka taɓa sayo mini ba? Mijin da har yau uwarsa ke tashinsa sallar asuba!"

"To zaman me kike yi? Tun shekaranjiya kike cewa wasan nan ba shi da kyau."

"Ba shi da kyau mana. Na zauna ne in ga iyakar lalacewarsa."

"Ka ji ko, Takwara? Kwana tara tana kallon lalacewa, ko fura ba ta tashi ta dama."

"Bar Malam ya huta. Dubi ɗan jar hular nan don Allah. A na farko yana da kumatunsa, da ɗan tumbinsa, in ya taka ka san daga gidan mutunci ya fito. Wannan kuwa an ja masa hanci, an tsuke masa wando, ƙafafu kamar na zalɓe. Wa ya hana shi abinci?"

"Gyara zanen aka yi, Iya. Dubi ruwan nan, har motsi yake yi."

"Ruwan rafinmu ma yana motsi, ban taɓa shimfiɗa tabarma don kallonsa ba."

"Ai na san abin da ya faru. Na farkon kafin a gyara miki ido kika fara shi, dishi-dishi kike gani, shi ya sa ya yi miki kyau. Haka aka yi Takwara ya same ki."

"Kai ko da rabin ido an san kanka ya fi ƙarfin hula. Ranar sunanka sai da wanzami ya tsaya a tsakiya ya sha ruwa."

"Kan ilimi ne."

"Za mu gani in sakamako ya fito. To ina jakinsa?"

"Ba a sa shi a wannan ba."

"Ka ji! Jaki ya haura da kai duwatsu, ya jawo ka daga rijiya, ka sami ɗaukaka ka watsar da shi. Halinku ne, maza."

"Yanzu a jirgin ƙasa yake tafiya. Ci gaba aka samu."

"Ci gaban sata. A na farko abin da yake ɗauka da dalilinsa: igiya, fitila, makulli. Wannan kuwa ya faɗa gidan mutane ba sallama, ya ga tsani, ya sa a aljihu. Tsani fa, Malam! A aljihu! Jiya kifi ya ɗauka ya ɗaura wa agogo."

"Ba da shi muka buɗe ƙofar kurkuku ba?"

"Wannan hankali ne? Tun da nake ban taɓa jin wanda ya buɗe ƙofa da kifi ba. Ni dai na gane. Wanda ya ƙera na farko ya rasu, yaran shagonsa ne suka haɗa wannan."

"Ke ce za ki yi maganar tara tarkace? Takwara, je ka kwance kayanta ka gani. Gwangwanin madara, murfin kwalba, tsohon batir. Mama tana ta neman kwandon shararta, ashe ya koma cikin jakar Iya."

"Mai tara tarkacen ce ta fitar da kai a na farko. Wa ya ce ka ɗauki gwangwanin da ka tsallake sau uku?"

"Sa'a ce."

"Sa'a sau goma sha ɗaya?"

Aka kira la'asar. Muka tashi muka yi salla. Da na dawo daga masallaci na tarar ta riga mu komawa kujera, da carbinta a hannu.

"Kaltume, mota," na ce.

"Yanzu, Malam. Gadar nan kawai."

Sai a lokacin na duba da kyau. Ɗan jar hula yana tsaye a bakin wata gada. Wani tsoho yana zaune a kan dutse, ya gitta sandarsa ya tare hanya. Datti ya ce mini a wannan karon ɗan jar hula uwarsa yake nema, an ce tana hayin gadar, kuma kwanansu uku ke nan a wurin.

"Kin ga dai babu abin da ban ba shi ba," in ji Datti. "Na ba shi tsani, ya ƙi. Na ba shi agogo, ya ƙi. Tsoho mai taurin kai, kamar wata da na sani."

"Kama bakinka. Sake yi masa magana in gani."

Datti ya nuna tsohon ya danna. Rubutu ya fito a saman kansa. Kafin a ƙifta ido Datti ya sake dannawa, rubutun ya ɓace.

"Me ya ce?"

"Cewa yake ba a wucewa."

"Duk wannan dogon rubutun ba a wucewa ne? Na ga ya kai layi uku."

"Sauran surutu ne. Wai gwiwarsa na ciwo."

Kaltume ta ajiye carbi a cinya, ta juyo ta dube shi sama da ƙasa.

"Gwiwarsa na ciwo, ka katse shi?"

"Iya, ba ya cikin abin da muke nema."

"Innalillahi! Kwana uku kana miƙa wa dattijo tsani, ba ka ce masa ya jiki ba? Ni kuma ka rufe ni, kana ce mini ba a wucewa! Malam, ka ji tarbiyyar Kaduna?"

"Wasan Turawa ne fa. Ina ruwansu da gaisuwa?"

"Tsoho tsoho ne ko a wace ƙasa. Koma ka gaishe shi, ka cire yatsan nan har sai ya gama."

Datti ya danna, ya naɗe hannu a ƙirji yana hura hanci. Tsohon ya yi ta zuba. Datti ya fassara: gwiwa ce, tun damina take damunsa.

"Allah sarki. Sake."

"Ai na gaishe shi."

"Gaisuwa ɗaya gaisuwa ce? Gida fa? Iyali fa? Haka kake gaishe da surukanka in ka yi aure? Wa ma zai ba ka?"

"Layi suke yi a kaina."

"Layin kallon kai. Danna!"

Ya danna. Wannan karon rubutun ya sauya. Datti ya ɗan gyara zama. Ya ce tsohon na cewa 'ya'yansa duk sun tafi birni, sun bar shi da gada.

"Ka ji ko? Sake."

A na uku tsohon ya ce shekararsa ashirin a wurin, kowa sai dai ya miƙo masa kaya, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ji ƙarshen maganarsa. Sai ga shi ya dafa dutse ya miƙe a hankali, ya janye sandarsa.

Kaltume ta rangaɗa guɗa har uwar Datti ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Sakandare shekara shida!" in ji Kaltume. "Ga Turanci, ga kai kamar tulu, gaisuwa ta gagare shi!"

"To tsaya. Wasan da ya san darajar gaisuwa, shi ne kika ce yaran shago suka haɗa?"

"Wannan tsohon kaɗai ne mutum a cikinsa. Na tabbata ragowar na farko ne aka tsinto aka liƙa."

Ɗan jar hula ya taka gada. Yana kaiwa tsakiya sai hoton ya tsaya, wani rubutu ya fito. Datti ya ce kwamfuta na neman diski na ƙarshe. Ya jawo aljihun tebur ya zaro wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannu ba. Daidai nan muka ji hon daga bakin titi, sau biyu.

Na miƙe. "Kaltume."

Ba ta tashi ba. "Malam, ko ka yi gaba, jibi in biyo ka?"

"Jibin nan na ji shi sau huɗu a bakin Yahaya," na ce. "Gyaɗa ta fara tsira a ƙasa. Gidan kuma ya yi shiru da yawa."

Ta dube ni, ta dubi ɗan mutumin da ke tsaye a tsakiyar gada da ƙafa ɗaya a sama.

"Ina juya baya ɗan banzan nan zai haye," ta ce a hankali. "Ya ga uwar ba tare da ni ba."

Datti ya juya diskin a hannunsa. Ya dube ni, ya dube ta, sai ya fashe da dariya.

"Shi ke nan, tsohuwa, kin ci. Ungo."

"Me zan yi da shi?"

"In babu shi ba mai haye gadar nan, ko ni ko Baba. Tafi da shi. In an gama cirar gyaɗa ki kawo mu ƙarasa. Ai ko na haye, wani tsohon zan tarar a gaba, ni kuma ban iya da ku ba."

"Na farko fa?"

"Ya fi."

"Ɗaga murya takwaranka ya ji."

"Na farko ya fi! Amma don Allah kada ki kankare ƙanzo da shi."

"Da haƙoranka zan kankare, ga su nan kamar fartanya."

Ta karɓa, ta naɗe shi a bakin mayafinta, ta ƙulle sau biyu, ta ja ƙullin ta tabbatar. Hon ya sake tashi. Ta zura takalmi ta wuce ni fuu, sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Malam, taho mana! Tun ɗazu kai nake jira."