Rasuwar Ɗan Kwatano, akwatin wifi na shagonmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Yusha'u, a madadin shagon intanet na Kawu Sanusi da ke hanyar gada a nan Gaya, ina sanar da rasuwar akwatin wifi ɗinmu, wanda muke kira Ɗan Kwatano, don daga Kwatano aka kawo shi. Ya cika ranar Talata da azahar, jikinsa zau da zafi.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa ɗaga murya ba, in ban da "ƙit" da yakan ce idan wuta ta dawo.

Ga ciwonsa. Kowane saƙo ƙulli-ƙulli yake tafiya, hanyar rezo ɗinmu kuwa, wato layin intanet, siririya ce. An saita marigayin ya riƙa ɗaura manyan ƙulli, sai ya zauna yana farfasa kowanne kafin ya wuce, kamar kayan kamiyo, wato babbar mota, da ake rarraba wa kwale-kwale a bakin kogi. Gutsure ɗaya ya ɓace, sai a sake aiko ƙullin gaba ɗaya. Haka aika takardar direba ɗaya cikin masu zuwa shagonmu take cin rabin yini, marigayin kuma yana ta dahuwa.

Maganin a fili yake: a shiga saitinsa a rage girman ƙullin. Na faɗa har muryata ta dushe. Kawu ya hana, wai abin da Bature ya saita ba a sa masa hannu. Wannan ita ce cutar garin nan!

Marigayin ya bar caja, da eriya biyu, da kujerun da babu kowa a kansu. Ya kuma bar ɗan'uwansa da suka zo a kwali ɗaya, wanda ke tsallaken titi a shagon Zeinabu. Ita ta rage girman ƙullin tun ranar farko. Yau direbobinmu da masu fiton kaya duk suna can, har an kafa musu rumfa, mai shayi ma ya bi su. Ba na kallon wajen. Fitilun ɗan'uwan nasa kore ne shar, duka huɗun.

Za a yi jana'iza bayan la'asar, a sa shi cikin kwalinsa a ƙarƙashin kanta. Kawu zai karɓi gaisuwa a ƙofar shago. Masu son aika ta'aziyya ta waya su tsallaka wajen Zeinabu. Za su tarar da ni a ƙarshen benci, fuskata na kallon bango. Kada kowa ya gaishe ni.