Rasuwar Gwaggo, Sandar Tuƙin Jirgi, a Hannun Mijin Yaya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, takaici kuma ya danne mata murfi, nake sanar da 'yan uwa, da abokan aikina na teburin auna kaya a filin jirgi, da duk wanda ya taɓa leƙa ɗakina ya tambaya ko har yanzu wasan yaran nake yi, rasuwar sandar tuƙin jirgina, wadda gidanmu ya sani da suna Gwaggo. Ta rasu ranar Asabar da la'asar, a kan teburina, a gaban shaidu, a hannun mijin Yayata, mutumin da ke amsa sunan Injiniya ba tare da ya ji nauyin kowa ba. Ta tafi ana gab da in shiga gwajin ɗaukar masu koyon tuƙin jirgin sama, gwajin da shekaruna ba za su bari in sake zamansa ba in na faɗi.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, baƙa ce, tsayinta bai wuce taƙi guda ba. Ana ɗaure gindinta a bakin tebur, a jona wayarta da kwamfuta, a tuƙa jirgi da ita a manhajar kwaikwayo, irin wadda ba ta yafe kuskure. Umma ce ta raɗa mata suna, saboda nishin da sifirin ɗinta, wato ɗan ƙarfen da ke mayar da ita tsakiya, ke yi in an ja ta, "ƙiii," sak dattijuwar da za ta miƙe daga zaune. Wani tsohon matuƙi da ya ajiye aiki ne ya ba ni ita, bayan ya gaji da ganina ina auna akwatinsa idona na kan taga, wajen titin jirgi. Wasiyyarsa gajeriya ce. Ya ce da yatsu biyu ake riƙe ta, in kuma na ji tafin hannuna ya jiƙe da gumi, to ni ce matsalar, ba iska ba.

Marigayiya mai ƙana'a ce. Ba ta taɓa neman komai ba sai saiti: a kai ta gaba iyakarta, a dawo da ita baya, a kai hagu, a kai dama, sannan a sake ta ta koma tsakiya da kanta, don kwamfuta ta san inda ƙarfinta ya tsaya. Sai a rage mata zafin amsawa a tsakiya, kada mutum ya yi atishawa ya kifar da fasinjoji. A hannunta na koyi cewa ba a kokawa da jirgi. In hancinsa na rinjaya, ɗan wilin daidaita hanci ake murzawa har ya miƙe, a huta. A hannunta na koyi kallon can ƙarshen titi lokacin sauka, ba ƙasan da ke gabana ba, da taka feda a hankali in iska na bugowa ta gefe. Babban darasinta kuwa wanda ko ɗan koyon ranar farko ya sani ne: in ka ja, hanci ya yi sama, in ka tura, ya yi ƙasa. In ka ɗaga hanci fiye da kima har fukafukai suka daina riƙe iska, ƙararrawa ta fara ihu, jirgi ya soma zubowa, zuciyarka za ta ce ka ƙara ja. Maganin turawa ne. Ka sunkuyar da hanci, ka ba da totur, ka bar shi ya sami gudu. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin akwai wanda bai riƙe ba.

Rashin lafiyarta ya samo asali ne daga wata doka ta Umma, cewa a gidan nan ba a kulle wa ɗan uwa ƙofa. Wata safiya ina wurin aiki Yaya ta zo gaishe da Umma, mijinta na biye da ita. Ya kamata a yi wa mutumin adalci a faɗi iliminsa. Yana da shagon fanka da ƙwan lantarki. Ya taɓa gyara fankar wani maƙwabci ta juya, ko da yake baibai ta juya, tun ranar ya zama Injiniya. Ya taɓa shiga jirgi sau ɗaya, aka zaunar da shi kusa da fiffike, tun daga nan ba taron dangin da zai tashi bai bayyana mana yadda matuƙin ya so ya yi kuskure ba. Wannan bawan Allah ne ya tura ƙofata, ya zauna a kujerata, ya kunna kwamfutata.

Ya tura sanda gaba don jirgi ya tashi, jirgi ya caka hanci a ƙasa. Ya sake, ya sake cakawa. Mutum mai kunya zai fara zargin kansa. Injiniya ya zargi kamfani. Ya shaida wa Yaya cewa an haɗa wayoyin a juye, domin a duniya ba inda ake ja baya don a ci gaba, ko a motarsa. Ya zaro sukudirebar da ke kwana a aljihun rigarsa kusa da biro, ya farke cikin Gwaggo, ya datse wayoyi biyu, ya musanya su, ya murɗe da haƙori, ya naɗe da baƙin salatif. Da nishinta ya dame shi, sai ya aika aka ɗauko man keken ɗinkin Umma ya tsiyaya mata. Yaya na tsaye tana riƙe masa fitilar waya, tana kallonsa kamar likitan tiyata.

Na dawo na tarar da saƙo a bakin Umma: a gaya wa Auta an gyara mata abin wasanta, ba sai ta yi godiya ba.

Na zauna, na ba da totur, jirgi ya ɗauki gudu, na ja. Ya rungumi ƙasa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne shirun. Babu "ƙiii." Da na buɗe ta na ga mai na ɗiga, na fito falo da ita a hannu. Umma ta tare ni tun kafin in ɗauki waya in kira Injiniya. Ta ce suruki ne, ta ce taimako ya yi niyya, ta ce kada in jawo wa Yayata magana a ɗakinta saboda roba. Na haɗiye. Na koma jinya.

Wayoyin siraran gaske ne, shi kuma ya datse su gajeru, ban yi gangancin warware su ba. Sai na shiga saitin kwamfuta na juya umarnin, ja ya koma sama, turawa ta koma ƙasa, kamar yadda Allah ya nufa. Amma ciwon ya riga ya shige ta. Ɗan ɗigon da ke nuna matsayinta a allo ya fara karkarwa kamar mai zazzaɓi, ko ba a taɓa ta ba. Na faɗaɗa ɗan filin da ake bari a tsakiya, inda motsi ba ya isa ga jirgi, don karkarwar ta ɓuya a ciki. Gobe karkarwa ta ƙaru, na ƙara fili. Har ta kai in na motsa ta sai jirgin ya yi shawara kafin ya amsa. Duk da haka ta tashi da ni, ta sauka da ni, cikin ruwan sama da iskar gefe. Ta yi jinyarta da mutunci, ba ta ambaci sunan kowa ba.

Ranar Asabar ina wankin yunifom a bayan gida na ji ƙarar inji daga ɗakina. Na rugo da kumfa a hannu. Injiniya na kan kujera, ya naɗe hannun riga, abokansa biyu na kasuwa na tsaye a kansa, ya kawo su su ga yadda ya gyara wa Turawa kuskurensu. Ya ce su lura da kyau, yanzu gaba sama ce. Ya tura. Jirgi ya nufi rufin gidajen mutane.

"Wa ya taɓa min aiki?"

"Yaya Injiniya, don Allah sassauta. Yatsu biyu ake sa mata."

"Ke Auta, matsa ki ga aikin maza."

Ya fizgo ta baya. Hancin jirgi ya miƙe tsaye yana kallon rana, gudu ya mutu, ƙararrawa ta ɓarke da ihu. Na ce ya tura. Abokansa suka ce ya ja, ya ƙara ja, da murya irin ta masu fitar da mota daga taɓo. Kowa ya san wanda ya saurara. Ya sa hannu biyu, ya tokare ƙafar tebur da takalmi, ya cije leɓe. A nan ne sifirin da mai ya kashe wa murya ya yi magana sau ɗaya, siririya, "ƙiii." Sai "ƙwas."

Shi da kujerar suka tafi ta baya, ƙafafu a sama, kan Gwaggo a hannunsa, wayoyi na lilo kamar saiwar da aka tumɓuke. Daga kwancen ya yanke hukunci, ya ce kayan yanzu ba su da ƙwari. Abokansa suka ce wallahi kuwa. Yaya ta shigo da gudu tana tambayar bayansa. Babu wanda ya tambayi mamaciyar.

Ta rasu ta bar feda biyu, waɗanda ke ƙarƙashin tebur har yanzu ba su san me ya faru ba. Ta bar totur, abokin zamanta, da kwamfuta mai tarin tsufa, da teburin da ke ɗauke da shatin inda take zama. Ta bar kujera mai karyayyen baya, wadda ita ma ba ta da laifi. Ta bar ni. Dangi na godiya ga Injiniya bisa magajiyar da ya aiko, wato abin da 'ya'yansa ke riƙewa su buga wasan ƙwallo a talabijin, mai maɓalli guda da aka tauna. An mayar masa da kayansa lafiya.

Kwanakin da suka rage kafin gwaji, na yi su ne a kan kujerar falo, ido rufe, karyayyen kan marigayiya a hannuna, ina tashi ina sauka a cikin kaina, ina taka fedar da babu. Umma ta leƙo ta gan ni ina karkata ni kaɗai ina motsa baki. Daga baya na ji ta daɗe a kan sallaya.

Ɗakin gwajin, inda aka girke na'urar kwaikwayon tuƙi, sanyi ne da shi kamar firiji. Mai gwadawa dattijo ne mai furfura, maganarsa ba ta da yawa. Tashi ya yi kyau, juyi ya yi dama-dama. Sai ya ce in rage totur, in riƙe hanci a sama, in jira. Ƙararrawa ta fashe. Jirgi ya soma zubowa. Na duba hannuna na ga na dunƙule sandar da yatsu biyar, tafina sharkaf da gumi, kafaɗata ta riga ta fara ja. A daidai nan na ji muryar mutanen kasuwa a kunnena, na ga ƙasan takalmin Injiniya yana kallon silin. Ba zan ce jarumta ce ta cece ni ba. Ƙyamar in yi kama da shi ce. Na buɗe hannu, na bar yatsu biyu, na tura, na ba da totur. Jirgi ya sunkuya, ya sha iska, ya miƙe.

Dattijon ya dube ni ta saman tabarau, ya tambayi wanda ya koya mini sakin hannu haka. Na ce Gwaggona ce, kuma ba ta daɗe da rasuwa ba. Ya yi mini ta'aziyya da gaske, na amsa da gaske. Daga baya an kira ni, an ce na ci. Zan fara karatu bayan likita ya duba idona da zuciyata, wadda na riga na faɗi abin da ke cikinta.

Labari ya iso mana cewa Injiniya na faɗa a kasuwa shi ya horar da ni, da gangan ma ya jefa ni cikin matsala don in saba da halin gaggawa. An ce har ya fara shirin ranar da zan ɗauke shi, ya zauna kusa da ni a gaba, ya ɗan duba wa masu jirgin wayoyi.

Game da jana'iza, an wanke gawar daga man keke, an cire mata salatif, an naɗe ta a tsohuwar rigar matashi. Za a ajiye gangar jikin a kwali a saman wadirob ranar Juma'a da hantsi. Kan zai ci gaba da zama a jakata, zai tafi makaranta tare da ni. Za a karɓi gaisuwa a falo, ba a ɗaki ba, domin ɗakin yanzu yana da kwaɗo. A kan gadona na tsince shi da makullansa, Umma kuma ta ce ita ba ta san wanda ya ajiye ba. Masu zuwa su bar sukudireba a bakin ƙofa. An ɗauke wa Injiniya wahalar halarta, saboda bayansa.

Batun zama a gaba kuma, Yaya ta isar masa da saƙo cikin ladabi: na yi tambaya a makaranta, an tabbatar mini ƙofar ɗakin matuƙi ta ciki ake kulle ta, kuma dokar Umma ba ta kai can ba.