Bindigar da Jandarma Ya Tambaya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da an wanke mini ƙwaƙwalwa da sabulun salo, ranar da na kai kaina hannun hukuma ba tare da kowa ya neme ni ba.

Ni ɗan kasuwa ne a Tasawa, ina yawon cin kasuwannin ƙauye da wata tsohuwar motata. Da labarin 'yan fashi ya yi yawa a fadarmu ta shan shayi, kowa na kawo nasa da gishiri, sai na je wurin wani maharbi na sayi bindiga ƙirar maƙera. Ya ɗura mini ita, na naɗe ta cikin tsohuwar darduma, na tura ƙarƙashin kujerar baya. Takardar izini kuwa, ban ma san ƙofar biro, wato ofishin da ake neman ta ba. Tun daga ranar tafiyata ta canza. In na shiga fada sai in ce, "Duk ɗan iskan da ya tare ni, uwarshi ta haifi wani!" (Ni da ko kaza ce za a yanka a gidana sai na aika a kira maƙwabci.)

Ana nan sai auren ƙanen matata ya taso, a wani ƙauye gaba da Mayahi. Ni aka ba aikin ɗaukar surukina, Malam Idi, wanda shi ne uban ango, shi ake jira a ɗaura aure. Dattijo ne mai kunya da kawaici, tun da na auri ɗiyarsa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Alhaji." Na buɗe masa gaba, ya ƙi, ya ce ina shi ina zama kafaɗa da kafaɗa da suruki. Ya shige baya ya zauna daram a kan kujerar nan, ƙanensa Kawu Sani ya zauna gaba. Na so in yi magana, kunya ta riƙe mini harshe. Yaya zan ce wa surukina ya ɗaga, akwai albarushi a ƙarƙashinsa?

Mun wuce Mayahi da hantsi, ina ba Kawu Sani labarin jarumtata, sai ji muka yi, daram! Ƙarar da na rantse har Maraɗi an ji ta.

Jama'a, ban san lokacin da na taka birki ba, ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Na dai ga kaina tsakiyar gonar gero, babbar riga a wuya, takalmi ɗaya a ƙafa, ina tsallake kunyoyin gona kamar barewa, da wannan tumbin nawa. Bindigar da na saya don irin wannan rana ko a raina ba ta zo ba. Surukina ma bai zo mini a rai ba. Sai da na yi nisa na ji muryar Kawu Sani yana kwaɗa kira:

"Alhaji! Dawo, don Allah! Taya ce!"

Na dawo ina kakkaɓe ƙarangiya, na ce ai fitsari ne ya matsa mini. Malam Idi ya dubi wani wuri can daban, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji." Na ɗauka iyakar kunyar ranar ke nan. Ashe wannan ɗanɗano ne.

Muna cikin kokawa da tayar, sai ga motar jandarmomi masu sintiri ta tsaya bayanmu. Shugabansu ya sauko, dogo, fuska ba wasa. Ya gaida dattawa cikin ladabi, sannan ya juyo gare ni.

"Kai ne mai motar?"

"Ni ne, shef."

"Tun daga can muka ji. To, ina bindigar?"

Ku da ke karatu kun riga kun gane. Duk Bahaushen da ya taɓa hawa mota ya san in taya ta fashe cewa ake ta yi bindiga. Mutumin nan tayar yake tambaya, ta gaba ce ko ta baya, don yaransa su kama mana. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Nan take na durƙusa a gabansa.

"Wallahi shef, ban taɓa harba ta ba! Tana ƙarƙashin kujerar baya, cikin darduma. Don kare kai ne, na rantse da Allah!"

Kawu Sani ya saki ƙarfen kwance taya ya faɗi a kan ƙafarsa, bai ko ji zafi ba. Shef ya dube ni, ya dubi tayar da ke kwance a yashe, ya sake dubana.

"Wace kujera ka ce?"

Malam Idi na zaune a kanta har lokacin, ƙofa a buɗe, ƙafafunsa a waje, yana jan carbi. Ban taɓa ganin tsoho ya tashi da irin wannan sauri ba. Wani jandarma ya jawo dardumar a hankali, ya warware, ya leƙa, ya ce, "Shef, a ɗure take. Kunamar ma a ɗage." Wato duk ramin da muka faɗa tun daga Tasawa, Allah ne kawai ya tsare.

Surukina ya dube ni ido cikin ido, karo na farko a rayuwarsa. "Alhaji," ya ce, "a kan wannan ka zaunar da ni?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Aka koma da mu Mayahi. Can ƙauye kuwa liman da jama'a na zaune a rana, goro na bushewa, ana ta bugo waya ana tambayar ina uban ango. Uban ango yana ofishin jandarma, ya cire hularsa, yana roƙon a yi wa surukinsa sassauci. Mutumin da ya kwashe shekaru yana kauce wa sunana, ranar sai da ya faɗe shi cikakke har da na ubana, a gaban hukuma. Aka karɓe bindigar, aka rubuta abin da za a rubuta, aka yi mini faɗan da ko a lakwal, zamanin ina ɗan makaranta, ban sha irinsa ba, aka ce in dawo in amsa kira. Ɗaurin auren da aka sa da hantsi sai bayan la'asar aka yi shi, wasu baƙin ma sun watse. Ni ko fatiha a bayan bango na shafa.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Matata Hajiya ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce, "Sannu da yaƙi."

Abin da na koya shi ne, makamin da zuciyarka ba ta iya ɗauka, kada ka ɗora wa motarka. Kuma in an yi maka tambaya da Hausa, ka daure ka ji ƙarshenta kafin ka durƙusa.