Yadda Na Zama Mutum Bakwai

Ba zan taɓa mantawa ba (ko na so mantawa ma abokan aikina ba za su bari ba), shekarar da kamfaninmu ya ɗauke akwatin katako ya kawo kwamfuta ita ce shekarar da na kwance wa kaina zani a gaban jama'a.

Ni bakanike ne a garajin wani kamfanin haƙar uranium a Arlit, aikina duba birkin manyan motocin da ke kwaso dutse daga rami. Daga Damagaram na zo, don haka kowa Ɗan Damagaram yake ce mini. Duk shekara akan zaɓi ma'aikaci ɗaya da ya fi kiyaye lafiyar abokan aikinsa, a kafa hotonsa a bakin ƙofar da bas ke sauke mu, ya shekara cur a nan. Wancan karon mijin maƙwabciyarmu ne ya ci. Matata Hadiza ba ta taɓa cewa komai ba, sai dai in za ta ba ni shayi ta ce, "An ce har yanzu hoton bai koɗe ba." Shekara guda ina shan shayin nan da ƙyar. Ina son hoton nan, ba zan ɓoye ba.

A da, takarda ake rubutawa a jefa a akwati, ba sa hannu, ranar zaɓe a buɗe a gaban kowa a karanta. A wannan shekara sai Madam Ramatu mai kula da na'urori, wata 'yar Tawa marar son wasa, ta tara mu ta miƙa wa kowa 'yar takarda. Akwai sunan shiga, haruffa biyu na sunanka haɗe da lambarka ta aiki (nawa mu ce ms214, kunyar ta isa haka), a ƙasa kuma kalmar sirri. Ta yi dogon bayani. Ni dai a lokacin ina can ina tunanin wane gefen fuskata ya fi kyau a hoto.

Abin da na fahimta shi ne, sunan nan makulli ne kawai: ka buɗe, ka shiga, ka jefa takardarka, ka fita, kamar akwatin da. Sai na ce to, ai ni ma na iya rubutu.

Litinin na zama wani tsohon direba wanda bai taɓa ganin mai kula irin Ɗan Damagaram ba. Talata na zama mai walda. Laraba, don wayo, na bar kwamfutar garaji na tafi ta ma'ajiyar kaya, na zama wani direba mai 'ya'ya tara da na ceci ransa (ina rubutawa idona ya cika da ƙwalla, wallahi, don labarin ya taɓa ni). Daga nan hannu ya saba, kafin a tashi aiki na ƙara huɗu. Na ɗan ɓata Faransancin wasu don kada a gane hannuna. A na shida har suka na saka, don abin ya yi kama da gaskiya: "Yana da saurin fushi, amma fushinsa don lafiyarmu ne." Na bakwai na zama mace mai shara. Kowane da sunan shigata na shiga, don wani nake da shi?

Ranar Alhamis bayan azahar aka taru a babban zaure. Na yi aski, Hadiza ta goge mini kayan aiki har suna sheƙi, na samu kujerar gaba. Shef ɗinmu, wato shugabanmu na wurin aiki, ya ce kamar yadda aka saba buɗe akwati a gaban kowa, yau ma a gaban kowa za a buɗe na'ura. Madam Ramatu ta haska bango. Layi biyu ne suka fito: saƙonni a dama, a hagu kuma wasu ƙananan haruffa da ban damu da su ba.

Shef ya karanta na tsohon direba, aka tafa. Ya karanta na mai walda, na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Da ya kai na mai 'ya'ya tara muryarsa har rawa take yi. Sai wani daga baya ya ɗaga murya.

"Shef, tsaya! Mai 'ya'ya taran nan lambarsa ɗari biyu da sha huɗu. Mai waldar ma haka. Kai, har mai sharar!"

Lambar nan tana rubuce ɓaro-ɓaro a ƙirjina, tana kuma jikin hular kwanon da na ɗora a cinya. Na ɗora hannu na rufe ta ƙirji, na manta da ta hula.

Sai zaure ya fashe da dariya. Wani ya faɗo daga benci. Wani yana ta kira, "Ina 'ya'ya taran? A kawo su mu yi musu barka!" Shef ya cire gilashinsa yana share ido. Ni kuwa na ƙura wa simintin ƙasa ido, ina roƙon Allah ya sa akwai tsohon rami a ƙarƙashinsa.

Madam Ramatu ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, mi na hwaɗa muku rannan? Kalmar sirri ita ce makulli. Sunan kuwa kai ne. Kamar abin awon gubar uranium da kake ratayawa in za ka rami, lambarka na jiki, duk inda ka bi kai za a rubuta. Ko inji goma ka canza, kai ɗaya na'ura ta sani."

Sai shef ya ce, "Akwai na takwas." Na ce a raina shi ke nan, na manta lissafi ke nan. Amma haruffan hagu daban ne. Na Agali ne, wani dattijon direba Buzu daga wajen Gugaram, wanda wata biyu ba ma gaisawa tun ranar da na riƙe makullin motarsa na hana shi fita. Layi biyu kacal ya rubuta: "Ya hana ni sauka rami, na zage shi. Da aka buɗe, birkin ya mutu."

Dariyar ta tsaya. Agali ya miƙe yana gyara rawani ya ce, "Motan nan shi ba ya da birki, gaskiya ne. Amma ni ɗiya huɗu gare ni, ba tara ba." Aka sake kwashewa.

An cire ni daga takara saboda maguɗi, wani mai gyaran wuta ya ci. A bakin ƙofa shef ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba yawan saƙo muke dubawa ba, abin da aka yi muke dubawa. Da ka zauna lafiya, na Agali kaɗai ya isa." Wannan ta fi dariyar zafi, har gida na tafi da ita.

Labari ya riga ni isa. Hadiza ta buɗe ƙofa ta leƙa bayana ta ce, "Maigida, kai kaɗai? Na mutum bakwai na dafa."

Har yau in na hau bas sai a ce a matsa, baƙi sun zo da yawa. Ni da Agali kuwa kullum tare muke shan shayi. Yanzu duk sanda zan shiga kwamfuta nakan tsaya in kalli sunan nan, in tuna cewa ita dai mutum ɗaya ta ɗauke ni. Yabo kuwa na bar wa masu wata lambar, tunda na ga a layi biyu sun fi ni iyawa.