Sifilin Ziyad

Tsufa ya fara kwashe min abubuwa daga ka, har inda na ajiye tabarau sai an nuna min shi a goshina. Amma ranar da na riƙe makirfo a gaban mutanen unguwarmu Utaibiyya na yi wa Ziyad kirari da lamba takwas, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Na ma roƙi Allah Ya mantar da ni, har yanzu dai ba a amsa ba.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da wasannin motsa jiki a wata sakandare ta unguwarmu a nan Makka. Da na yi ritaya sai na zama kaya a gida. Safiya matata ta gaji da ganina ina bin ta kicin ina gyara mata yadda ake yanka albasa. Allah Ya taimake ta, tsofaffin ɗalibaina suka buɗe guruf a waya suka jefa ni ciki, ni kuwa na naɗa kaina mai kawo rahoto. Kowace Juma'a sai na rubuta musu labarin yaranmu da suka yi nisa a wasa: wane yana kulob a Jidda, wane ya koma Madina, wane ya gurɗe a ƙafa. Yawancinsu 'yan ƙwallon kwando ne, kuma duk hutun zafi suna dawowa gida a yi gasa tsakanin unguwanni. Ƙwallon kwando kuwa na san ta kamar yunwar cikina. Dokarta ɗaya ce: lambar da ke gaban sunanka in ta yi yawa kai gwani ne, in sifili ce ka je ka nemi wata sana'a.

(Ku riƙe wannan dokar, ita ce ta kai ni ta baro.)

Ziyad shi ne ya fita daban. Dogo ne, bahago, ba ya son magana. Wata shekara da aikin Hajji na fita da ɗalibai rabon ruwa a hanyar Muzdalifa, motoci sun cunkushe ba mai motsi, sai na ga yana tsaye a bayan motarmu yana jefa gorar ruwa ta tagar bas, daga layi na uku, tana faɗawa daidai hannun wanda ya miƙo. Bai kuskure ko ɗaya ba. Tun ranar nake gaya wa mutane ni na gano hannun nan, alhali abin da na yi kawai shi ne na ce masa ya yi a hankali kada ya fasa wa wani alhaji kai.

Ya sami tallafin karatu ya tafi Japan. A can ya faɗa wani wasa wai shi besbol, wanda ake jefa ƙaramar ƙwallo wani ya make ta da sanda. Bayan ya gama karatu wani ƙaramin kulob ya ɗauke shi, har ana biyansa. Ranar da ya sa hannu ya kira ni.

"Ustaz, na turo maka shafin da ake sa sakamako. Rubutunsu ba za ka iya karantawa ba, amma ka nemi lamba arba'in da ɗaya, ni ne. Gida na huɗu a layina, shi ne aikina. In yi maka bayani?"

Na ce, "Kai Ziyad, ni za ka yi wa bayanin wasa? Khalas, na gane."

Ban gane komai ba. Amma ta yaya mutumin da ya shekara talatin da usur a wuya zai ce wa ɗalibinsa bai san wani wasa ba?

Wasansu yana faɗowa wajen azahar a agogonmu. Wasan farko na buɗe shafi, na nemo arba'in da ɗaya, na ƙirga gida huɗu. Sifili. Na ce to, baƙunta ce. Na biyu, sifili. Na uku, ɗaya. Na huɗu, sifili kuma. Zuciyata ta karye. Yaron nan ya tsallake duniya ya je yana zubar mana da mutunci a gaban Japanawa, kuma bai ko ji kunyar turo min shafin ba.

Da ni kaɗai ne da sai in haɗiye. To akwai mahaifiyarsa. Ummu Ziyad ita ta riƙe shi tun rasuwar babansa, da abincin da take dafawa tana sayar wa direbobin bas a tashar Kudai. Ba ta karatu, kuma ɗan nata in ta tambaye shi wasa ba ya wuce "Alhamdu lillahi, Umma." Don haka kowace Juma'a bayan la'asar sai ta zo wajen Safiya, su zauna a falon mata, ni kuma in tsaya a bakin ƙofa ta bayan labule.

"Ustaz, yaya ɗan naka? Nawa ya ci?"

Na dubi sifilin nan, na tuna tukwanen da matar nan ta ɗauka a kanta. Na ce, "Biyu."

"Biyu! To da yawa ne ko kaɗan?"

"A wasansu da yawa ne ƙwarai."

Daga nan hanya ta buɗe. Wani satin uku, wani satin biyu, in na ga ta shigo da gajiya sai in ba ta huɗu. Ban taɓa wuce huɗu ba, ina da tsoron Allah. Abin da na gaya mata shi nake rubutawa a guruf don kada magana ta sha bamban, su kuwa 'yan guruf ba mai buɗe shafin. Kowa sai ya manna "Ma sha Allah" ya wuce. Safiya ce kaɗai ta taɓa kallona ta ce, "Kai in kana faɗin lambar yaron nan me ya sa kake sosa ƙeya?" Na ce mata zafi ne.

Sai ga wata Talata. Na idar da azahar na buɗe waya, na ƙirga gida huɗu, na ga takwas. Na goge tabarau na sake ƙirgawa. Takwas dai, ta gaske, ba tawa ba. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Na rubuta a guruf da manyan baƙaƙe, na sa Safiya ta kira Ummu Ziyad nan take ba sai Juma'a ba, sannan na danna waya na aika wa Ziyad saƙon murya. Har yau ina iya maimaita shi:

"Mabruk ya waladi! Takwas! Yau ka nuna musu ko kai wane ne. Dama na san abin da ke hannunka ke nan. Duk Utaibiyya ta ji, kuma haka nake so ka riƙa yi kullum."

Sai da ya kwana biyu ya amsa, da rubutu, gajere: "Na ji, Ustaz. Allah Ya saka." Daga nan ya ɗauke wuta. Lambarsa ma ta ɓace daga shafin har sati biyu. Na ce a raina an ba shi hutu ne saboda ƙoƙari, shirun kuma na masu ɗaukaka ne, yaro ya fara jin kansa. Ummu Ziyad kuwa ta dafa shinkafa babbar tukunya ta raba wa masu shara a Kudai, sadakar takwas.

Ana haka aka sa bikin ƙanwarsa, kulob suka ba shi 'yan kwanaki ya zo. Zuwan nasa ya dace da wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta hutun zafi, sai masu shiryawa suka ce shi zai miƙa kofi, ni kuma zan gabatar da shi. Zauren ya cika. Maza a ƙasa, mata a benen sama, Ummu Ziyad a layin gaba kusa da Safiya. Na sa sabuwar riga, na rataya tsohon usur ɗina (ba wanda ya ce in zo da shi). Da muka gaisa da Ziyad ya sumbaci kaina kamar yadda ya saba, amma bai haɗa ido da ni ba.

Na karɓi makirfo. Na fara da Larabci saboda yara, na juya Hausa saboda iyaye. Na ba da labarin gorar ruwa. Na ce yaron nan ya sha wuya a farko, amma ni ban taɓa cire rai ba. Sannan na ɗaga murya na ce, "Har Allah Ya kawo ranar da ɗanmu, shi kaɗai, a wasa ɗaya, ya ci takwas!"

Aka ɗauki tafi. Daga sama guɗa ta tashi, na san muryar wace ce. Na miƙa wa Ziyad makirfo ina murmushi har kunne.

Ya karɓa, ya sauke shi wajen ƙirjinsa, ya matso kusa da ni. Shi a zatonsa a kunne zai gaya min. Bai san makirfon zauren nan ko numfashi kamawa yake ba.

"Ustaz, don Allah ya isa haka. Takwas ɗin nan ni aka ci."

Duk zauren ya ji. Tafin ya mutu a hankali, daga gaba zuwa baya.

Na ce, "Na'am?" Wannan ma an ji.

Sai a lokacin ya kalle ni sosai, ya ga fuskata, ya gane ba zolaya nake ba. Ya ce, "La ilaha illallah. Ustaz, ba ka sani ba? Ni mai jifa ne. Aikina in hana su ci. Lambar nan abin da suka ci a kaina ne, ya'ani kamar mai tsaron gida. Sifili shi ne mafi kyau. Ranar takwas ɗin nan cire ni aka yi, sati biyu ina benci."

Wani daga cikin 'yan wasa, da ni na koya masa riƙe ƙwallo, ya ce da ƙarfi, "To biyu da ukun da muke yi wa Ma sha Allah fa?"

Ziyad ya ce, "Wane biyu da uku?"

A nan ne dariya ta fashe. Manyan mutane masu gemu suna riƙe ciki, alƙalin wasa ya zauna a ƙasa. Ni kuwa ina tsaye da usur a wuya, zufa tana bin bayana duk da sanyin na'ura. Na ɗaga kai sama sau ɗaya. Safiya ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta suna rawa. Ummu Ziyad ba ta dariya.

Bayan an watse Ziyad ya same ni a bakin mota. Ya ce ranar da saƙona ya shigo yana zaune shi kaɗai a ɗakin canza kaya, ya saurara sau uku. Ya ɗauka ba'a nake masa, kuma na tara unguwa ana yi masa dariya. "Kowa ya yi min haka zan ɗauka, Ustaz, amma ban da kai." Wannan maganar ta fi dariyar zauren ciwo. Na ba shi haƙuri, ya rungume ni, sannan shi ma dariyar ta ƙwace masa har yana dukan motata.

Saura mai wuyar. Juma'a ta zagayo, la'asar ta wuce, na tabbata ba za ta zo ba. Sai na ji sallamarta. Na je bayan labule na tsaya kamar ɗalibin da aka kama ya tsallake katanga. Na fara jero ban-haƙuri, ta katse ni.

"Ustaz, ƙaryar ba ita ta dame ni ba, na san tausayi ne. Sadakar ma ta riga ta shiga cikin masu shara, Allah Ya karɓa. Abin da ya tsaya min shi ne, wata uku yaron nan yana abin kirki, kai kuma kana jin kunyarsa. Ka ga sifili ka yanke masa hukunci, ba ka ko tambaye shi ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma ko Safiya ba ta taɓa zaunar da ni da magana haka ba.

Na ji ƙarar kofin shayi. Sannan ta ce, "Sifili nawa ka ɓoye min?"

Na buɗe waya na ƙirga. "Tara."

"To ka biya ni su. Ɗaya bayan ɗaya, da ranar kowanne."

Haka na tsaya a bakin ƙofa ina karantowa, ranar kaza sifili, ranar kaza sifili, tana amsawa da "Alhamdu lillahi" ga kowanne. A na tara ta rangaɗa guɗar da ta fi ta zauren.

Kafin Ziyad ya koma sai da na zaunar da shi da takarda da biro, na ce ya koya min wasan nan tun daga farko, kuma duk inda na ce "na gane" kada ya yarda. Abin da na koya da furfurata ke nan: in yaro ya ce "In yi maka bayani?", ka ja kujera ka zauna, ko da kai ka koya masa ɗaura takalmi.

Har yanzu ni ke kawo rahoton Juma'a, sai dai 'yan guruf sun koma buɗe shafin da kansu, kuma sun sa min suna Ustaz Takwas. Ummu Ziyad ma tana zuwa. In za ta tafi takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ustaz, a sa shi a addu'a, Allah Ya ba shi sifili." Ni kuma in ce amin, da ƙarfi, ba tare da na sosa ƙeya ba.