Atishawar da Ta Karya Min Ƙashin Baya

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka kwaso ma'aikatarmu daga Legas zuwa Abuja ba. Lokacin na haura hamsin, amma siririya nake kamar sillen kara, kuma wallahi ina ji da hakan. Madara ba na sha, tuwon dare na yi sallama da shi tun ina amarya.

Abokiyar aikina, Madam Rifkatu, mutuniyar Jos, ita kuwa tubarkalla, kujera ɗaya da ƙyar take ɗaukarta. Kullum ina kanta da wa'azi. "Madam, ki rage loma, jikin nan zai kai ki ƙasa." Sai ta yi dariya ta ce, "Hajiya, bar ni da kayana."

Ranar muna kwance tsofaffin fayiloli a sabon ofishinmu na Garki, oga na tsaye da baƙi. Na sunkuya na ɗago wani kwali (don a ga har yanzu da saurana), ƙura ta bugi hancina, na saki atishawa. Atishawa fa, jama'a! Sai na ji ƙas a bayana. Na zube ina ihu, ɗankwali ya yi nasa wuri, hulata mai huji ta bayyana gaban baƙi.

Maza suka tsaya kallon juna. Madam Rifkatu ce ta sure ni kamar jaririya, ta sauko da ni daga bene, ma'aikata na leƙe ta taga. Tana tafe tana cewa, "Kai Hajiya, ko buhun gari ya fi ki nauyi."

A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙashina ya girgiza kai. Ya ce wani ƙashin baya ne ya tsage, kuma ƙasusuwana sun yi rauni, cikinsu ya zama kamar soso. Wai mace mai ƙarancin nauyi ta fi shiga wannan haɗari, musamman bayan al'ada ta ɗauke.

Na ce, "Likita, ni? Ga mai ƙiba nan a zaune, ita ba ka gani ba?" (Matar da ta ɗauko ni fa. Allah ya yafe min.)

Ya ce, "Ita gwiwa da hawan jini za ta kiyaya. Ke kuwa, Hajiya, kin hana ƙashinki abinci."

Takaici ya ishe ni. Duk bikin da na je na kau da kai daga farfesu, duk yunwar da na kwana da ita, ashe rami nake haƙa wa kaina, mutane na ta yaba min! Ba wanda ya taɓa ce min rama ma tana da nata ciwon.

Watanni na yi a kwance, Madam na aiko min da kindirmo da kifi. Yanzu in na ga tsarata tana taƙama da siranta, ba na yi mata wa'azi. Addu'a kawai nake yi Allah ya tsare ta da mura.